Ƙumar da ba ta wuni a jikin kaza

Abin da na fara lura da shi shi ne kajina sun daina shiga akurki da kansu. Kaji tara ne da zakara ɗaya, kuma tun da na fara kiwonsu ban taɓa korar ko ɗaya zuwa makwanci ba. Rana na faɗuwa za ka ga sun jeru, babbar cikinsu a gaba, suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi wata yamma na fito na tarar da huɗu a kan katanga, biyu a kan rufin akurkin, sauran suna ta kai-kawo a bakin ƙofa, su leƙa su ja da baya. Na ɗauka rigima ce irin ta kaji. Na kama su ɗai-ɗai na tura ciki, na ja ƙofa na rufe, na tafi na kwanta ina ganin na yi abin kirki. Haka na yi ta yi har kusan mako uku. Har gobe in na tuna sai jikina ya yi sanyi, domin abin da nake yi kullum dare shi ne in miƙa su ga masu shan jininsu, in kuma kulle ƙofa kada su gudu.

A cikin waɗannan makonni ƙwai ya ja baya. Da ina kwashe shida ko bakwai a rana, sai ya koma huɗu, daga nan uku. Zankon kajin da yake ja wur ya koɗe, kamar tufar da ta sha wanki. Suna ta tsattsagar gashinsu, suna kaɗa kai, ga su da saurin faɗa da juna. Na kama biyu da rana tsaka na buɗe fukafukansu, na hura gashin wuya, na duba ƙarƙashin wutsiya inda ƙwarƙwata ta fi taruwa. Fata tsaf, babu ko ɗigo. Daga nan na shiga kame-kame: na ba su maganin tsutsar ciki, na zuba musu bitamin a ruwa, na canza abinci. Babu wanda ya yi aiki.

Uwargida ce ta fara kawo maganar da ta kamata in tsaya a kanta. Wata safiya ta shigo da ƙwai tana sosa hannu, ta ce, "Maigida, duk ranar da na sa hannu a akwatin ƙwan nan sai in wuni ina ƙaiƙayi. Kuma dubi wannan." Ta nuna mini ƙwai biyu masu ɗige-ɗigen ja ƙanana a jikin ɓawonsu, kamar an yayyafa musu jini da bakin tsinke. Na ce mata ƙila kazar ce ta ji ciwo wajen saka ƙwan. Ba ta ce komai ba, ta dai yi mini irin kallon da na riga na san fassararsa.

Abin da ya tashe ni daga barci shi ne mutuwar kazar da ke kwanci. Tana kan ƙwai goma, saura kwana biyar ta ƙyanƙyashe, na zo da safe na tarar da ita a mace a kan ƙwan. Da na ɗaga ta sai na ji ta sakayau, ba nauyi, zankonta fari fat. Kaza mai kwanci ba ta tashi daga wuri ɗaya sai na ɗan lokaci a rana, don haka ita ce ta fi kowa shan wahala, ita kuma ga taurin kai irin na uwa, ta ƙi barin ƙwanta. Na naɗe ta a buhu na kai wa likitan dabbobi.

Ya duba cikin bakinta da fatar idonta, ya saurari labarina har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Malam, da ka ce ka duba jikinsu, da rana ka duba ko da dare?"

Na ce, "Da rana mana, Likita. Wa zai tashi duba kaza da dare?"

Ya yi murmushi. "To ai ka bar jaki kana dukan taiki. Abin da nake zargi ba ya wuni a jikin kaza, a cikin katako yake wuni. Yau in dare ya yi, ka bari su yi kamar awa biyu da kwanciya, ka ɗauki tocila da farin ƙyalle. Ka goga ƙyallen a ƙarƙashin sandar da suke kwana a kai. Gobe ka zo ka ba ni labari."

Wajen ƙarfe goma na dare na fita. Tun kafin in buɗe ƙofa na ji kajin suna motsi, ba irin shirun da kaji ke yi in sun yi barci ba. Na sa ƙyallen a ƙasan sandar na ja shi daga wannan kai zuwa wancan, na haska. Ya yi jirwaye ja kamar na goge wuƙa. Na kai hasken kan sandar kanta, da farko ban ga komai ba, sai da idona ya saba na gane cewa abin da na ɗauka ƙura ce tafiya yake yi. Dubbai ne, ƙanana kamar ɗigon alƙalami, suna fitowa daga inda sandar ta shiga bango, suna bin ta a jere har zuwa ƙafafun kajin, suna hawa. Waɗanda ke zuwa launin toka, waɗanda ke dawowa jajaye, cikinsu ya cika. Na daɗe a tsugune ina kallo. Da na miƙe sai na ji abu na bin wuyan hannuna, na haska na ga sun hau ni ma. A daren nan na kwashe kajin duka na zuba su a manyan kwalaye biyu na kai su wani ɗaki, na tuɓe kayana a waje, na yi wanka da ruwan zafi.

Mutane da yawa duk wani ƙaramin abu da ke cizon kaza ƙuma suke ce masa, ko ƙwarƙwatar kaji, ni ma haka nake cewa a da. Amma ba abu ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su ne ya ci mini mako uku da kaza guda. Ƙwarƙwata a jikin kaza take rayuwa dare da rana, tana cin ɓurɓushin fata da gashi, in ka buɗe gashin za ka gan ta tana gudu. Ƙuma ta ainihi tsalle take yi. Wannan da ta addabe ni, wadda nake kira jar ƙuma, masana kuma suke kira Dermanyssus gallinae, ba ta tsalle, ba ta tashi, rarrafe kawai take yi. 'Yar uwar kaska ce da gizo-gizo, ƙafafunta takwas in ta girma, tsawonta bai cika kaiwa milimita 1 ba. Da dare take fitowa, ɗumin jikin kaza da numfashinta ne ke jawo ta, ta sha jini na abin da bai wuce awa ɗaya ko ɗaya da rabi ba, ta sauka ta koma maɓoyarta kafin gari ya waye. Shi ya sa duk binciken da na yi wa kajin da rana ya tashi a banza. Ɗigon jinin da ke jikin ƙwai kuwa, ƙumar da ta ƙoshi ce ƙwan ya murƙushe lokacin da ya gangara.

Washegari likita ya rubuta mini maganin feshi mai sinadarin famitirin, wanda aka yi domin ɗakin kaji, ya kuma fara yi mini bayanin yadda zan maimaita. Gaskiya ban saurara da kyau ba. Raina a ɓace yake, so nake kawai in je in kashe. Na share akurkin, na fesa maganin har yana ɗiga daga bango, na bari ya bushe, na zuba sabuwar dusar katako, na mayar da kajin. Kwana uku ƙyallena na fitowa fari. Na ce wa uwargida an gama. A kwana na goma ƙyallen ya dawo da jirwayensa, kajin kuma suka koma katanga. Na kashe maciji ban sare kansa ba.

Na koma wurin likita a kunyace. Wannan karon na zauna, ya ɗauki takarda ya zana mini rayuwar abin. Macen takan sha jini ta koma cikin tsaga ta saka ƙwai kaɗan, kamar 4 zuwa 8 a lokaci guda, ta sake fitowa ta sha ta sake sakawa, har ta kai kimanin 30 a rayuwarta. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3. Abin da ya fito mai ƙafa shida ne, ba ya cin komai, sai ya saɓule ya zama mai ƙafa takwas, ya sha jini ya sake saɓulewa, ya ƙara sha ya zama babba. In akwai zafi, daga ƙwai zuwa uwar da za ta saka nata ƙwan kwana 7 ya isa. Feshin da na yi ya kashe waɗanda ya taɓa, amma ƙwan da ke can cikin katako ko a jikinsa, haka ma waɗanda suka lafe a inda maganin bai kai ba. Da suka fito kuwa suka tarar da abinci na jiransu a kan sanda.

Ya ce, "Malam, wannan aikin na kalanda ne. Ka yi na farko, ka dawo kafin 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe su kai ga saka nasu ƙwan. In ka bari kwana bakwai suka wuce, ka koma farko."

Na tambaye shi ko in bar akurkin babu kowa na wata ɗaya yunwa ta kashe su. Ya girgiza kai, ya ce wannan halitta tana iya zama wata takwas, har tara, ba ta sha jini ba. Abin da ba ta jurewa shi ne zafin da ya haura digiri 45, da sanyi mai tsanani ƙwarai, da kuma bushewa. A kan waɗannan na gina aikina na biyu.

Na ware rana guda cur. Tun da sassafe na fitar da kajin zuwa wani keji na waya da na aro, na ajiye shi nesa, a ɗaya ƙarshen gidan. Na sa tsofaffin kaya masu dogon hannu, na cusa bakin wando a cikin safa, na sa safar hannu da takunkumi. Dusar katakon da ke ƙasa da ciyawar da ke akwatin ƙwai na kwashe su kai tsaye cikin buhu, na ɗaure, na ƙone. A karon farko na yi kuskuren zuba su a kan juji kusa da akurkin, wato na kwashe abokan gaba na ajiye su a bakin ƙofa, su huta su dawo.

Daga nan na ɗauki guduma da abin kwance noti, na shiga wargaza duk abin da zai wargazu. Nan ne na ga ainihin girman matsalar. Sandar kwana tana zaune ne a cikin wani ɗan gurbi da kafinta ya sassaƙa a bango. Da na ɗaga ta, gurbin cike yake da wani abu kamar toka da aka gauraya da barkono, fari-fari da baƙi-baƙi, wato kashinsu da saɓarsu da ƙwansu, a ƙarƙashi kuma su kansu a dunƙule, ja da baƙi, suna motsi kamar abu ɗaya. Na danna da yatsa, safar ta yi ja. Kowace mahaɗar katako haka, kowane ramin ƙusa haka, bayan ƙarfen da ke riƙe ƙofa haka. Har busasshen kashin kaji da ya manne a kusurwa, da na ɓamɓare shi, ƙarƙashinsa gari ne guda.

Mafi muni yana sama. Lokacin da aka gina akurkin an shimfiɗa wata baƙar leda mai kauri tsakanin katakon rufi da kwano don kada ruwa ya shiga. Na kusa barinta, domin ciro ta aiki ne, kuma rana ta fara zafi. Ɗana ne ya ce, "Baba, bari in ɗaga gefe ɗaya mu gani." Ya ɗaga, ya saki, ya ja da baya. Tsakanin ledar da katakon babu masaka tsinke. Duk feshin da na yi a karon farko ko kusa da nan bai zo ba. Daga nan suke sauka kowane dare. Muka yaye ledar gaba ɗaya muka jefa a wuta, ban kuma mayar da wata ba.

Wanki ya biyo baya. Na kaɗa sabulun wanke-wanke a bokiti har ya yi kumfa sosai, na bi kowane katako da buroshi mai tauri, tsagogi kuma da tsohon buroshin haƙori da bakin wuƙa. Sabulu yana da amfani fiye da yadda na zata: yana wanke maiƙon da ke kare jikin ƙumar, yana kuma ɓamɓaro dattin da take fakewa a ciki, wanda in an bar shi magani ba ya ratsa shi. Bayan sabulu na bi da tafasasshen ruwa, buta bayan buta, ina tsiyayawa a hankali cikin kowace mahaɗa. Abin lura a nan shi ne ruwan zafi na saurin hucewa, kafin ya kai ƙarshen tsaga mai zurfi ya zama ɗumi, don haka sai an maimaita. Na kan zuba, in jira minti goma, sai in ga waɗanda suka tsira sun fito fili suna neman hanya, in sake bin su. Sau uku na yi haka kafin fitowar ta tsaya. Wani maƙwabcina ya ba ni shawarar in bi tsagogin da harshen wutar gas. Na san akwai masu yin haka, kuma wuta na kashe har ƙwan, amma busasshen katako da dusar da ta maƙale a lungu ba abin wasa da wuta ba ne. Na gode masa na ci gaba da butata.

Sandunan kwana da akwatunan ƙwai da duk katakon da na ciro, na naɗe su cikin baƙar leda na shanya a tsakiyar rana har yamma. Da na sa hannu ciki da azahar sai da na janye don zafi. Da na kwance, matattu ne birjik a jikin ledar.

Akwai abin da ban yi tunaninsa ba sai da na gani: ruwan wankin da ke gangarowa ƙasa yana tafe da masu rai. Na ga suna fita daga cikin laka suna hawa ƙafafun akurkin. Dole na bi ƙasan wurin ma da ruwan zafi, na kankare saman ƙasar na kwashe.

Sai da katako ya bushe sarai na yi feshi, wannan karon da natsuwa, ina sa bakin famfon a cikin kowace tsaga maimakon in wanke bango da magani. Na auna yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ban ƙara ba. Likita ya ja mini kunne a kan abu biyu. Na ɗaya, famitirin guba ne ga kyanwa da kifi, don haka kyanwar gidanmu ta wuni a kulle har komai ya bushe. Na biyu, a wurare da dama jar ƙuma ta riga ta saba da irin wannan magani saboda yawan amfani da shi, shi ya sa ba a dogara da shi shi kaɗai.

A nan zan ɗan ratse. Da abin ya dawo a karo na biyu, zuciyata ta raya mini in ɗauko maganin ƙwarin gona, ko wanda ake ɗiga wa karnuka, in gama da su gaba ɗaya. Na faɗa wa likita haka. Ya ce in tuna cewa abin da ya shiga jikin kaza yana fitowa a cikin ƙwai, ƙwan kuma 'ya'yana ne za su ci. Ya tuna mini abin da ya faru a Turai a 2017, lokacin da aka gano an yi amfani da sinadarin fifuronil wajen tsabtace gonakin kaji a Holan da Beljiyam, domin yaƙi da wannan ƙumar dai, alhali an hana amfani da shi ga dabbobin da ake ci. Miliyoyin ƙwai aka janye daga kasuwa, aka rufe gonaki da yawa. In manyan gonaki masu injuna da ma'aikata sun shiga wannan hali saboda ita, ni da kaji tara ba ni da dalilin jin kunya, amma ba ni da dalilin yin ganganci. Ya kuma gaya mini akwai wani magani mai suna Exzolt da ake zubawa a ruwan shan kaji sau biyu, kwana 7 tsakani, duk ƙumar da ta sha jininsu ta mutu. Ba shi da shi a hannu a lokacin, don haka ban yi amfani da shi ba. Na dai lura cewa shi ma a kan kwana bakwai ɗin nan aka gina shi.

Bayan feshi ya bushe na kawo farin garin diyatom. Wata irin ƙasa ce da ake haƙowa, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa na zamanin da, laushinta kamar hoda. Ba guba ba ce. Tana manne wa ƙumar ne ta tsotse maiƙon jikinta har ta bushe ta mutu, don haka tana ɗaukar kwanaki, kuma in ta jiƙe ba ta aiki sai ta sake bushewa. Na dama wani da ruwa ya yi kamar farar ƙasa, na shafe bango da shi da buroshin fenti, ya bushe ya bar farin shafi a ko'ina, har cikin tsaga. Busasshen kuma na barbaɗa kaɗan a gurbin sanduna da ƙasan akwatin ƙwai. Na ce kaɗan, domin ƙurarsa na cutar da huhu, na mutum da na kaza. Ranar farko na cire takunkumi don zafi, na kwana ina tari.

Su kansu kajin ban yi musu wani abu mai yawa ba. Na tanadar musu wurin birgima mai busasshen rairayi da tokar itace, na ƙara musu abinci mai gina jiki da bitamin don su mayar da jinin da suka rasa. Na mayar da su akurki da rana tsaka, lokacin da ƙumar da ke jikinsu ta fi ƙaranci. Wani zai ce me ya sa ban bar su a kejin aro ba har a gama. Dalili shi ne in babu kaza a ciki, ƙumar da ta rage lafewa za ta yi a maɓoyarta ta jira, ko ta bazu neman jini a wani wuri, har cikin ɗakin mutane. In akwai kaza, dole ta fito, in ta fito kuma sai ta taka garin da na shimfiɗa mata. Na shafa man basilin mai kauri a kan sandunan biyu, daidai inda suka haɗu da bango, ya zama shingen da sai an ratsa shi kafin a kai ga kaza. Da safe nakan tarar da su maƙale a ciki, in goge in sake shafawa.

Na rubuta ranakun a jikin kalanda da jan biro: rana ta 6, ta 12, ta 18, ta 24. Na zaɓi shida maimakon bakwai saboda lokacin zafi ne, ban so in yi caca da kwana ɗaya. Kowace ranar da ta zo sai in fitar da kaji, in ƙone shimfiɗa, in ciro sanduna, in bi mahaɗu da sabulu da ruwan zafi, in sabunta garin. Feshin magani sau biyu kawai na ƙara, kamar yadda likita ya tsara. Zagaye na biyu ya ɗauke ni rabin yini, na uku awa biyu. Na huɗu shi ne mai wuyar, ba don aikin ba, sai don ban ga komai ba, zuciya kuma na cewa ai an gama. Na tuna ƙyallen kwana na goma, na tashi na ɗora ruwa.

Abin da ya taimake ni na san inda nake shi ne tarkon kwali. Kwalin da ake zuba kaya, irin mai ramuka a tsakiya, na yanka shi kamar faɗin tafin hannu, na naɗe, na ɗaure a ƙarƙashin sanda da igiya. Ƙumar da ta ƙoshi tana neman tsaga mafi kusa, sai ta shige ramukan. Bayan kwana biyu in kwance, in buga shi a kan farar takarda. A makon farko takardar kan yi baƙi. A na biyu ina iya ƙirgawa in na yi haƙuri. A na uku na samu goma sha ɗaya, a na huɗu biyu, a na biyar babu. Kowane kwali wuta yake shiga bayan an duba.

A tsakiyar wannan aiki ne na gano ta inda ta shigo, ko in ce hanyoyi biyu da nake zargi. Wata biyu kafin kajin su fara ƙin shiga, na karɓi wani tsohon akwatin ƙwai daga wani da ya daina kiwo. Ya ce ya fi wata huɗu a ajiye ba kaza a kusa, ni kuma na ɗauka wannan ya isa, na ɗan kakkaɓe shi na sa a ciki. Ga kuma sheƙar ƙananan tsuntsaye da na tarar a ƙarƙashin kwanon rufin, su ma suna ɗauke da irin wannan ƙuma. Akwatin na ƙone shi, sheƙar na cire bayan 'ya'yan sun tashi, na toshe wurin da waya mai ƙananan idanu.

Da na zo mayar da akurkin yadda yake, ban mayar da shi yadda yake ba. Na cike tsagogin da za su ciku, na yi wa cikin fenti fari mai sheƙi, wanda ɗigo ɗaya in ya hau za a gan shi. Sandunan kwana na canza su da katako mai santsi marar fashewa, kuma yanzu ba a kafe suke ba, a kan ƙarfe suke zaune, da hannu ɗaya nake ɗaga su in duba ƙarshensu. Akwatunan ƙwai na koma na roba, waɗanda ake fitarwa a wanke a kife a rana. Ciyawa mai rami a tsakiya na daina shimfiɗa ta, domin kowane kara ɗaki ne a wurinsu.

Zankon kajin ya fara ja a mako na uku. Ƙwai ya ɗan ƙara jinkiri, sai wajen mako na shida ya koma shida a rana. Uwargida ta daina sosa hannu, ta kuma tuna mini sau biyu ko uku wanda ya fara faɗa. Shiga akurki kuwa sai da na koya musu daga farko, domin sun riga sun ɗauke shi gidan azaba. Kwana biyar ina ɗaukarsu daga katanga bayan duhu ya yi, ina ɗora su a kan sanda. A rana ta shida babbar ta tsaya a bakin ƙofa, ta leƙa, ta daɗe tana leƙe, sannan ta shiga. Sauran suka bi ta.

Kwalin yana nan ɗaure a ƙarƙashin sanda har yau, ina duba shi kowane mako. Bayan wata huɗu, da zafi ya sake dawowa, na buga shi a kan takarda na ga guda uku suna tafiya, biyu launin toka, ɗaya ja. Na kira ɗana na ce ya ɗora ruwa, ni kuma na je na ɗauko jan biro.